Yadda Ake Tura Agogo Mai Tsada Daga Indabo Zuwa Ƙasar Waje

Cikin kayan da ake aikawa ƙasar waje, kaɗan ne suka kai agogo wuyar sha'ani. Ba shi da nauyi, yana shigewa aljihu, kowa ya san darajarsa, kuma babu kasuwar da ba za a saye shi ba. Ga shi kuma buƙatar aika shi takan taso wa mutumin Indabo, a ƙaramar hukumar Wudil, kamar yadda take taso wa ɗan birni. An raba gado, Rado ɗin da Alhaji ya sayo a Jidda ya faɗo a rabon ɗansa da ke zaune a Ingila. Ko wani tsohon Omega ya tsaya, mai gyara ya ce sai an kai shi inda ake da kayansa na asali. Ko kuwa agogon na zinare ne, magada maza ba za su ɗaura ba, ga mai saye ya taya da kyau a Dubai.

Abin da muka saba shi ne sallahu. A nemi mai tafiya umara ko ɗalibi mai komawa makaranta, a ce don Allah ka miƙa wa wane. Sau da yawa kayan yakan isa lafiya. Sai dai mai agogo ya san hukuncin da ya shiga. A fiƙihun da muke karantawa a zaure, wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Idan jakar ta ɓata a filin jirgi, iyakarta a yi maka jaje, kuma ba ka da bakin cewa a biya ka. Ka kuma ɗora wa bawan Allah nauyin da bai sani ba, domin shi zai tsaya gaban kwastan na can da agogon da ba shi da takardarsa. Saboda haka agogon da kuɗinsa ya kai a yi kuka a kansa, hanyarsa ita ce gidan waya ko kamfanin aika saƙo, da lambar bin sawu, da inshora.

Waɗannan biyun na ƙarshe ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan yawancin mutane suke ruɗewa. Lambar bin sawu tana faɗa maka inda aka ga kwalinka na ƙarshe. Ba ta hana shi ɓata, ba ta kuma biyanka ko sisi. Inshora ce ke biya. Wanda ya karɓo rasit mai lamba ya dawo gida yana ganin ya gama, rabin aikin kawai ya yi.

Ga dalili. Kayan da ke tafiya a jirgin sama tsakanin ƙasashe suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta sa cikin dokarta ta sufurin jiragen sama. Yarjejeniyar ta ƙayyade abin da mai ɗaukar kaya zai biya idan kayan ya ɓata ko ya lalace, kuma da kilo take lissafi. Ana auna diyyar da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Da farko SDR 17 ne a kowane kilo, aka mayar da shi 19 a 2009, sannan 22 a ƙarshen 2019, daga 28 ga Disamba 2024 kuma ya koma 26, wato kimanin dalar Amurka 35. To, a ce agogonka na dala 2,000 ne, kwalin da aka sa shi kuma kilo ɗaya ne cif. Idan ya ɓata ba ka sayi kariya ba, abin da doka ta ɗora wa kamfanin shi ne wannan dala 35 ɗin. Yadda ake auna gero a kan sikeli haka za a auna maka agogonka, babu ruwan sikeli da sunan da ke rubuce a fuskarsa. Gidan waya ma yana da nasa ƙa'idar a ƙarƙashin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874: diyyar saƙo mai rajista SDR 30 ce, komai tsadar abin da ke ciki. Wannan ba zalunci ba ne, an rubuta shi a sharuɗɗan da kake sa wa hannu. Mu ne ba ma karantawa.

Aikin yana farawa ne tun a gida, kafin ka fito bakin titi. Ka fara sanin abin da ke hannunka. Kowane agogo na kirki yana da lambobi biyu, lambar samfuri da lambar da ta keɓanta da shi shi kaɗai. Seiko da Rado da ire-irensu a murfin baya suke buga su. Tsohon Rolex kuwa sai an cire madauri za a ga lambar a jikin ƙarfen, saitin ƙarfe shida; na baya-bayan nan an zana ta a zoben da ke ciki, ƙarƙashin gilashi. Ka rubuta lambobin a takarda. Ka fita inda akwai haske, ba cikin ɗaki ba, ka ɗauki hoton fuskar agogon da bayansa da gefensa da maɓallin madauri, ka matso da wayar ka ɗauki lambar yadda za a iya karanta ta. Duk wani ƙarzane da ke jikin gilashi ka ɗauke shi. Ka yi ɗan bidiyo hannun daƙiƙa yana tafiya. Idan akwai rasit na asali da katin garanti, ka yi musu hoto ka kuma yi kwafi.

Agogon gado galibi ba shi da rasit, ya daɗe da bin tsohuwar adaka. Idan haka ne sai ka kai shi wurin dillalin agogo sananne mai shago a Kano, ya duba, ya rubuta maka ƙiyasin kuɗinsa a takarda mai ɗauke da sunan shagonsa da kwanan wata da lambar agogon. Wannan dubawar tana da wani amfani na biyu. Jabun agogo sun cika kasuwa, wasu har sai gwani ya buɗe baya kafin ya gane. Dokar gidajen waya ta duniya ta hana aika jabun kaya, kwastan na Turai da Amurka suna ƙwace su, kuma babu inshorar da za ta biya kuɗin na gaske a kan na jabu. Gara ka ji gaskiya a Kano da ka ji ta daga bakin jami'in wata ƙasa.

Sai zaɓen wanda zai ɗauka. Akwai hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, da sashenta na gaggawa, EMS. Akwai manyan kamfanoni irin su DHL da UPS da FedEx, wanda Red Star Express ke wakilta a Najeriya. Don irin wannan saƙo sai an shiga birnin Kano, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka daga Wudil. Kafin ka kashe kuɗin mota, buga waya ka yi tambaya uku: kuna karɓar agogo zuwa ƙasa kaza? Har nawa za ku iya ba shi kariya? Kariyar ta haɗa da agogo, ko yana cikin kayan da kuka ware? Tambaya ta ukun ita ce mai muhimmanci, domin kamfanoni da yawa suna sa agogo a rukuni ɗaya da gwala-gwalai da duwatsu masu daraja, su sa masa iyaka tasa daban. A sharuɗɗan FedEx na Amurka, alal misali, irin waɗannan kayan ba a amincewa da ƙimar da ta haura dala 1,000 a kansu, ko da ka rubuta fiye da haka. A ɓangaren gidan waya kuma, dokar ƙasa da ƙasa ta hana sa zinare da azurfa da kayan ƙawa masu daraja a saƙo na gama-gari, kuma ba kowace ƙasa ce ke karɓar ƙunshi mai inshora ba. Ka kuma bambanta ofishin kamfani da shagon ɗan tsakiya wanda ke tara kayan mutane ya tura su a dunƙule da sunansa. Shagon ya fi araha, amma takardar ɗaukar kayan ba sunanka ke kanta ba, ranar neman diyya kuwa wanda sunansa ke takarda shi ake saurara. A ganina agogo mai tsada ba kayan ɗan tsakiya ba ne.

Inshorar kanta iri biyu ce a aikace. Ta farko ita ce wadda kamfanin aika saƙon ke sayar maka a kan kanta: ka faɗi ƙimar kayan, a ƙara maka wani kaso a kan kuɗin aikawa. A ce sun ce kashi 2 cikin 100, agogon dala 2,000 zai ci dala 40. Ka tabbata ka ga wannan kuɗin a rubuce, a layinsa daban a jikin rasit. Rubuta ƙimar kaya a takardar kwastan kawai ba sayen kariya ba ne, gurabe ne guda biyu a fom. Ta biyun ita ce ka je kamfanin inshora mai lasisin hukumar NAICOM ka sayi kariyar kaya a hanya, wadda ke amfani idan ƙimar agogon ta wuce iyakar mai ɗaukar kayan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda shubuha, akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'a. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da shi. Ko wanne ka zaɓa, ka karanta wurin da aka jera abubuwan da ba a biya. Kusan ko da yaushe za ka tarar da rashin kyakkyawan ƙunshi, da ƙwacewar hukuma, da lalacewar da ta fito daga cikin injin agogon ba tare da alamar buguwa ba. Ka tambaya kuma ko kariyar tana ƙarewa ne a filin jirgi ko sai an miƙa wa mai karɓa hannu da hannu.

Tunda rashin kyakkyawan ƙunshi na iya kashe diyya, a yi shi da natsuwa. Ka ɗaura agogon a ɗan matashinsa, ko ka naɗe tsumma mai laushi ka ɗaura shi a kai don kada madaurin ƙarfe ya riƙa gogar murfin baya. Ka rufe gilashin da ƙyalle, ka sa shi a ƙaramar leda mai zif saboda laima da ƙura, sannan ka naɗe da ledar nan mai ƙurajen iska, ninki uku ko huɗu. Wannan ya shiga ƙaramin kwali mai tauri. Ƙaramin kwalin ya shiga babba, a cike tsakaninsu da soso ko dunƙulallun takardu ta kowane gefe. Ka ɗaga ka girgiza kusa da kunnenka. In ka ji wani abu ya motsa, ka buɗe ka ƙara. Kada babban kwalin ya zama mai tambarin agogo ko na waya, kada kuma a rubuta sunan kamfanin agogon a bayansa. Ɗan mitsitsin ƙunshi ya fi saurin ɓata, amma kada ka wuce gona da iri, domin kamfanoni suna lissafa girma ma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 20 da 20 da 15 za a caje shi a matsayin kilo 1.2 ko da bai kai haka a sikeli ba. Kada ka liƙe da salatif tun daga gida. Za a buɗe a duba a gabanka, kuma jami'an kwastan da na NDLEA suna binciken saƙonnin da ke fita. A can za ka liƙe, ka ɗauki hoton kwalin a buɗe, ka sake ɗauka bayan an manna masa takarda.

Abu biyu a jikin agogo suna iya tsayar da shi. Idan madaurin na fatar kada ne ko ta mesa, ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji, ba ya ƙetare iyaka sai da izini. Mafi sauƙi ka cire madaurin ka aika kan agogon. Idan kuma agogon zamani ne mai caji, batirinsa na litiyam ne, dole ka faɗa tun a kanta, domin jiragen sama suna da ƙa'ida a kansa.

Yanzu takardar kwastan, inda jarrabawar take. A gidan waya fom CN22 ake cika wa kayan da bai wuce SDR 300 ba, abin da ya haura sai CN23. Kamfanoni kuma takardar farashi suke nema. Za ka rubuta mene ne kayan, nawa ne, me ya sa ake aika shi. Lambar da kwastan na duniya suka san agogon hannu da ita tana farawa da 9101 idan jikinsa na zinare ne ko wani ƙarfe mai daraja, da 9102 idan na ƙarfe ne na yau da kullum. Idan sayar da shi ka yi, ya zama fitar da kaya na kasuwanci, akwai fom NXP na Babban Bankin Najeriya da ake bi ta banki. Wanda ba na kasuwanci ba fom ɗinsa NCX ne. Ka tambayi ofishin wanne ya shafe ka. Idan gyara za a kai shi, a rubuta ƙarara cewa gyara ne kuma zai dawo, da lambarsa, don kada ranar dawowarsa a caje ka kamar sabo ka shigo da shi.

Jarrabawar ita ce, za a samu mai ba ka shawara, wani lokaci ma mai karɓar ne da kansa, ya ce rubuta dala 50, ka ce kyauta ce, don a kauce wa haraji. Harajin kuwa gaskiya ne yana da ciwo. Ingila tana karɓar kashi 20 cikin 100 na harajin VAT, kyautar da take yafewa kuma ba ta wuce fam 39 ba. Saudiyya kashi 15 take karɓa tun 2020, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kashi 5. Tarayyar Turai ta soke rangwamen VAT na ƙananan kaya ranar 1 ga Yuli 2021. Amurka, wadda a da ba ta cajin kayan da bai kai dala 800 ba, ta dakatar da wannan rangwamen a ƙarshen Agusta 2025, kuma tana neman a rarrabe mata kuɗin injin agogo da na jikinsa da na madauri, kowanne daban. Amma duba abin da ƙaramin farashin ke jawo maka. Ka rubuta da hannunka cewa kayanka na dala 50 ne, ka sa hannu. In ya ɓata, wannan takardar za a ɗauko, ba za a ba ka abin da ya wuce dala 50 ba, ba ka da ta cewa. In bai ɓata ba kuma jami'i ya buɗe ya ga Omega, zai yi nasa ƙiyasin, ya ɗora tara, ko ya riƙe kayan. Ƙarya ce kuma a kan takarda, mutum ya san hukuncinta ko ba a kama shi ba. Ƙimar da ke takardar dillali, da ta inshora, da ta kwastan, su zama lamba ɗaya. Ku yi magana da mai karɓa tun farko a kan wa zai biya harajin, domin ana iya biya daga nan, ana iya bari ya biya a can.

Ranar tafiya ka zaɓi farkon mako, don kada kwalin ya kwana biyu a sito yana jiran Litinin. Ka guji Juma'a, ranar kasuwar Wudil, da motocin shanu ke cika hanya tun daga kara har gada. Agogon ya kasance a aljihun ciki, ba a hannu ba, sai a ofis ka mayar da shi cikin kwalin. Ka riƙe katin shaida. Adireshin mai karɓa a rubuta shi cikakke da lambar unguwa ta gidan waya, da lambar wayarsa da imel, sunansa kuma yadda yake a fasfonsa, ba sunan da ake kiransa a gida ba. Ka nemi a sa sharaɗin cewa sai shi ya sa hannu, ba maƙwabci ba, ba a ajiye a bakin ƙofa ba. Naka ɓangaren kuma ka ba da lambar wayar da ke kunne kullum, domin ita ce adireshinka na gaskiya a Indabo.

Lambar bin sawu ta gidan waya harafi da lamba 13 ce: haruffa biyu, lambobi tara, sannan NG. Ta EMS da E take farawa, ta rajista da R. Ta DHL lambobi 10 ce, ta UPS kuma da 1Z take farawa. Ka gwada ta a shafin kamfanin tun kana tsaye a ofis, ko da yammar ranar. Kowane layi da ya bayyana yana nufin an haska kwalin da na'ura a wani wuri. Za ka ga an karɓa a Kano, galibi ya bi ta Legas, ya sauka a wata babbar cibiya, kamar Leipzig a Jamus ga kayan DHL masu shiga Turai, sannan kwastan, sannan motar rabawa. Shiru na kwana ɗaya ko biyu tsakanin filayen jirgi ba abin tashin hankali ba ne. Idan ka ga an tsayar da shi a kwastan, yawanci takarda ake nema ko kuɗin haraji, sai mai karɓa ya kira su a ranar. Lambar kuma ku biyu kawai za ku sani, kada a sa ta a zauren WhatsApp na dangi. Saƙon tes da zai zo yana cewa a danna wani wuri a biya kuɗin fito, kada a taɓa shi sai an tabbatar a shafin kamfanin na ainihi. In kuma sayarwa ce, kada agogon ya bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba hoton alat ba.

Ka gaya wa mai karɓa ya duba kwalin kafin ya sa hannu. In ya ga ya yage ko an sake liƙe shi, ya sa a rubuta haka a gaban mai kawowa. Ya buɗe yana ɗaukar bidiyo, ya gwada lambar agogon da wadda ka tura masa, kada kuma ya yar da kwali ko leda. Lokacin ƙorafi gajere ne. Yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana 14 a kan lalacewa daga ranar karɓa, da kwana 21 a kan jinkiri. DHL tana son a rubuto mata cikin kwana 30 daga ranar da ta karɓi kayan. Gidan waya yana karɓar cigiya cikin wata shida. Ƙorafin a rubuce ake yinsa, ba a baki ba, tare da rasit da hotuna da takardar ƙiyasi.

Saboda haka, mai karatu, duk takardun nan ka haɗa su a ambulan ɗaya, ka ajiye kwafinsu a wayarka, kuma kada ka yar da ko ɗaya sai mai karɓa ya kira ka ya karanto maka lambar agogon ta yi daidai da wadda ka rubuta.